Yadda ake sayen gidan da 'yan haya ke ciki

Wanda ya sayi gida da 'yan haya a ciki ya sayi ginin har da alkawuran da tsohon mai gida ya ɗauka. A dokokin ƙasashe da dama, sayar da gida ba ya soke yarjejeniyar haya. Idan saura wata takwas wa'adin ɗan haya ya cika, wata takwas ɗin nan a kanka suke, kuma a kan tsohon farashi. Sai dai ka sa lauya ya duba maka abin da dokar wurin ta tanada.

Ka fara da mallaka. Lauyanka ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke takardar mallaka shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba, babu shari'a ko bashin haraji a kansa. Gidan gado ne? Kowane magaji ya sa hannu, ko wakilin da suka ba izini a rubuce.

Daga nan sai takardun haya. Ka nemi kwafin yarjejeniyar kowane ɗan haya da rasit ɗin biyan aƙalla wata 12 da suka wuce. Kada ka tsaya a kan abin da mai gida ya faɗa. Ka rubuta gajeriyar takarda, kowane ɗan haya ya cike ya sa hannu: nawa yake biya, har zuwa yaushe ya biya, nawa ne kuɗin ajiyarsa (wanda ya ba mai gida ya riƙe, a mayar masa idan zai tashi), kuma ko akwai alkawarin baka tsakaninsa da mai gida. Tambayar ƙarshen nan ce ke tono abin da aka ɓoye, kamar ɗan hayar da ya gyara rufi da kuɗinsa bisa sharaɗin za a cire masa a hayar baɗi.

Inda aka fi tafka asara shi ne hayar da aka biya tun gaba. A ce hayar shekara 365,000 ce, ɗan haya ya biya ta duka ranar 1 ga Janairu, gidan kuma ya dawo hannunka ranar 1 ga Afrilu. Kwana 90 kacal tsohon mai gida ya ci, saura 275. Hayar kowace rana 1,000 ce, ke nan 275,000 naka ne. Ɗan haya ba zai biya sau biyu ba, don haka a cire wannan kuɗi daga farashin gidan ranar biya. Haka ma kuɗin ajiya, domin kai za a riƙe ranar da ɗan haya zai tashi. Duk kuɗin da aka bari a kan "zan turo maka daga baya", karɓarsa sai an sha wuya.

Bashin haya kuwa, a rubuta a takardar ciniki wanda zai bi shi. Gara a bar wa tsohon mai gida kayansa. In kuma ka yarda ka saye bashin, to a kan ragi mai yawa.

Ranar miƙa gida, a ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, a zagaya kowane ɗaki a rubuta halin da yake ciki, a karɓi makullai, inshorarka kuma ta fara aiki a ranar. Sannan ku fitar da wasiƙa ɗaya mai ɗauke da sa hannunku ku biyu zuwa ga 'yan haya, da ranar canjin da sabon asusun da za su riƙa biya. In babu ita, wanda ya tura wa tsohon mai gida kuɗi bai yi laifi ba.

Ribar da dillali ya lissafa maka ma ka sake ta da kanka. Daga hayar shekara ka cire gyara da haraji da inshora da ladan mai kula da gida, ka kuma cire hayar wata guda saboda zaman ɗaki babu kowa, wanda shi kaɗai ya haura kashi 8 cikin 100. Abin da ya rage ka raba shi da jimillar abin da ka kashe, har da la'ada da kuɗin lauya da na rajistar canjin suna.