Yadda Iyaye Za Su Raba Yaro da Sigarin Lantarki

A da, uwa a Ƙofar Ƙaura ko a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina takan gane ɗanta ya fara shan taba tun kafin ya buɗe baki, domin wari yakan kama rigarsa, leɓensa kuma ya yi duhu. Sigarin lantarki, wato 'yar na'urar nan mai caji da samari ke zuƙa kamar shisha, ya rushe wannan tsohuwar dabara, saboda ƙamshinsa na mangwaro ne ko kankana ko na'ana'a, kuma siffarsa ta biro ce ko ta filashin kwamfuta. Yaro yana iya shekara guda yana sha a ɗakin zaure, iyayensa suna zaton turare ya saya.

Kafin ku tunkari yaron, ku fara sanin abin da kuke yaƙi da shi. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙera irin wannan na'ura a 2003. A cikinta akwai batir, da 'yar waya mai ɗaukar zafi, da ruwa mai kauri wanda aka haɗa da kayan ƙamshi da nikotin, sinadarin da ke sa mashayin taba ya kasa dainawa. Idan an zuƙa, wayar takan dafa ruwan ya zama tururi ya shiga huhu. Yawan nikotin ɗin ba ƙarami ba ne, domin ɗan kwalin ruwa guda na samfurin JUUL, wanda ya yaɗu a makarantun Amurka, yana ɗauke da kusan abin da ke cikin karan sigari 20. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin yana taɓa sassan da ke kula da natsuwa da koyo da kame kai. Wannan shi ya sa ɗan shekara 16 yake kamuwa da sauri fiye da magidanci.

Abin da samari suka fi kafa hujja da shi shi ne wai tururin ruwa ne kawai. Amma bincike ya gano ƙananan ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma da nikel a cikin tururin, kuma idan wayar ta yi zafi sosai ana samun sinadarin da ke cikin fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar wannan na'ura, kuma zuwa watan Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 suka rasu. Gaskiya ne cewa akasarinsu sun sha ruwan da aka gauraya da sinadarin wiwi da wani mai da ake ƙarawa don ya yi kauri, amma ni a ganina wannan shi ne babban abin tsoro a wurinmu, tunda yaron da ya saya a hannun aboki ko ta WhatsApp ba shi da hanyar tantance abin da aka zuba masa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke turnuƙe Katsina da Daura duk shekara, wadda ko huhu mai lafiya yana jin jiki da ita, balle na mai asma.

Alamomin da za ku lura da su sun haɗa da ƙamshin alewa a ɗakin da babu alewa, da busasshen tari, da yawan ƙishirwa, da wayar caji wadda ba ta dace da wayarsa ba, da kuɗin makaranta ko na kati da ke ƙarewa ba bayani. Wanda ya kamu yakan yi ta fita zuwa bayan gida ko soro, kuma idan ya daɗe bai samu ya zuƙa ba sai ya riƙa faɗa da ƙannensa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kada ku ɗauka lamarin na maza ne kawai, domin 'yan mata ma suna sha, kuma jakar hannu ta fi aljihu ɓoye shi.

Maganar farko ita ce mafi wuya, kuma nan ne iyaye da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Duka da tozartawa a gaban ƙanne suna koya wa yaro ƙwarewa a ɓoyo ne, alhali nikotin yana nan a jikinsa yana neman ƙari. Ku zaɓi lokacin da hankali ya kwanta, kamar bayan sallar isha'i, ku keɓe da shi, ku fara da tambaya: "Ɗana, tun yaushe ka fara, kuma sau nawa kake sha a yini?" Idan ya ce da asuba ma sai ya zuƙa kafin ya yi komai, to kamun ya yi nisa. Inda alkunya ta shiga tsakani, musamman idan ɗan fari ne, a sa kawu ko baffa ya zauna da shi, 'ya mace kuma goggo ko yayarta, amma a zaɓi mai riƙe sirri wanda ba zai kai zancen majalisa ba.

Idan ya amince zai daina, ku tsayar da rana tare, cikin mako ɗaya ko biyu, ya miƙo na'urar da hannunsa a ranar. Ku faɗa masa gaskiyar abin da zai fuskanta: ciwon kai, da saurin fushi, da rashin barci, da kasa tattara hankali a karatu. Waɗannan sukan fi tsanani a kwana ukun farko, su ragu sannu a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu. Sha'awar kanta idan ta taso mintoci kaɗan take yi ta lafa, saboda haka ya tanadi abin da zai yi a wannan ɗan tsakani, ko ya sha ruwa, ko ya tauna asawaki, ko ya tashi ya yi alwala, ko ya fita ƙwallo da yamma. Watan azumi dama ce babba, domin wanda ya jure daga alfijir zuwa faɗuwar rana ya riga ya yi rabin aikin, sai dai a sa masa ido bayan buɗa baki da lokacin asham. A waɗannan makonni ku rage kuɗin da ke hannunsa, ku kuma san inda yake zama, tunda zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mafi muni shi ne ya bar na'urar ya koma karan sigari ko tukunyar shisha, don haka ku ambaci wannan a fili tun ranar farko. Idan ya koma sha bayan kwana goma, ku tambayi abin da ya ja shi, ku sake tsayar da wata ranar, domin mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da nikotin.

Yaron da ya kasa dainawa bayan ƙoƙari, ko wanda kuka ga alamun damuwa mai tsanani a tare da shi, a kai shi ya ga likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin Daura. Akwai cingam da filastar nikotin masu sauƙaƙa dainawa, amma ga wanda bai kai shekara 18 ba likita ne zai yanke hukunci a kansu. Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko zazzaɓi tare da tari da amai, ba abin jira ba ne har gobe, kuma lallai a gaya wa likita abin da yaron yake zuƙa.

Na'urar da kuka karɓe kada a ajiye ta inda ƙananan yara za su kai hannu, saboda ruwan guba ne idan aka haɗiye shi, ga shi da ƙamshin alewa. Idan hakan ta faru, kada a tsaya ɗura manja ko madara, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Haka kuma kada a jefa ta cikin sharar da za a cinna wa wuta a bayan gida, domin batirinta yana fashewa idan ya ji zafi.