Kurakuran da masu son tuƙin jirgin sama suka fi yi wajen zaɓen makaranta

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a biya kuɗin makaranta kafin a ga likita. Duk mai son tuƙa jirgin haya sai ya samu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi. Za a duba ido, ji, zuciya, hawan jini da sukari. Na san wani yaro da mahaifinsa ya sayar da gona don karatun nan. Da aka buɗe masa littafin gwajin launi, mai ɗige-ɗige da lamba a ɓoye, sai ya yi shiru yana kallo. Ashe ba ya bambance ja da kore sosai, kuma shi kansa bai taɓa sani ba. Ɗan'uwa, fara da likita.

Kuskure na biyu shi ne tambayar kuɗi kawai, a manta da awoyin tashi. Lasisin farko, PPL, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama. Na haya, CPL, awa 200 ne, ko 150 a kwas na musamman da hukuma ta amince da shi. Awoyin nan ba a aji ake tara su ba. Je makarantar da ƙafarka, ka ƙirga jiragen da suke tashi, ban da waɗanda aka lulluɓe a rumfa suna jiran gyara. Ka ja wani ɗalibi gefe ka tambaye shi sau nawa ya tashi a makon jiya. Amsarsa ta fi takardar talla gaskiya.

Yanayi ma abin lissafi ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, akwai kuma ta Ilorin, amma mai koyo da ido yake tuƙi, don haka idan hazon hunturu ya sauka sai ya zauna a ƙasa. Dogon hutu kuwa yana kashe hannu, ka dawo kana maimaita saukar da ka riga ka iya, da kuɗinka.

Masu tafiya Afirka ta Kudu ko Amurka sukan ɗauka da sun dawo sai aiki. Ina! Lasisin can sai an juya shi zuwa na gida, da jarrabawarsa da kuɗinsa. Ɗan Najeriya ya tambayi NCAA sharuɗɗan tun kafin ya sayi tikiti, ɗan Nijar kuma takwararta ta can, ANAC. Kada ka zuba kuɗin kwas duka lokaci ɗaya, domin makaranta tana iya rufewa. Biya mataki-mataki, ka kuma tabbatar malami ya sa hannu a littafin awoyinka bayan kowane tashi.

Turancin rediyo, wato na magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, sai ka kai mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ka fara gyara shi yanzu. Bayan CPL akwai horon nau'in jirgi, kamar Boeing 737, wanda sau da yawa daga aljihunka zai fito, kuma lasisin kyaftin na jirgin fasinja sai an cika awa 1,500. Ka faɗa wa mai ɗaukar nauyinka wannan tun ranar farko.