Yadda Ake Zaɓar Hular Kwanon Mai Cafe Ƙwallo a Besbol ga Yaro Mai Sa Gilashi

A wasan besbol babu wanda ƙwallo yake yawan samu kamar yaron da ke tsugune a bayan mai duka yana cafe abin da aka jefo. A gasar yara ta Little League a Amurka, rukunin 'yan shekara 9 zuwa 12, ƙafa 46 da 'yan kai ce tsakaninsa da mai jifa. Ƙwallon kuma tauri gare shi, nauyinsa wajen giram 145. In sanda ta shafi gefensa ya kauce hanya, fuskar yaron yake nufa. Da ɗana ya ce wannan gurbin yake so, na sayo masa hula ta intanet ba tare da an gwada ba. Bayan atisaye na farko ya cire ta, sai ga jan layi biyu daga gefen idanunsa har bayan kunne, inda soson hular ya danne hannuwan gilashinsa cikin fata. Bai yi ƙorafi ba, don tsoron kada koci ya ba wani gurbin.

Tun daga ranar na gane cewa daga gilashi ake farawa. Wanda yaro ke zuwa makaranta da shi, mai firam na ƙarfe ko mai kaurin hannuwa, ba na fili ba ne. Ku je wurin likitan ido ku ce gilashin wasanni kuke so, mai lambar ingancin kariyar ido ta ASTM F803, wanda aka yi idonsa da roba mai jure duka, wadda ake kira polikabonet. Akwai mai hannuwa, akwai mai maɗaurin roba da ke zagaye ƙeya. Ni mai maɗauri na fi so, domin yana kwanciya lif a ƙarƙashin soso, kuma ba ya bin hula in an fizge ta. Sai gilashin ya zo hannu sannan a nufi kanti.

Kafin ku fita, ku auna kan yaron da tef irin na tela: a ɗora kaɗan sama da gira, a zagaya ta inda ƙeya ta fi tudu. Abin da aka samu da inci sai a raba da 3.14, shi ne lambar hula. Kai mai inci 22 lambarsa 7 ke nan. Yawancin hulunan yara daga 6 da rabi suke zuwa 7, na manya kuma daga nan suke tashi. Kada ku sayi babba da sunan a bar wa gilashi wuri, ko don yaron zai girma. Ba rigar sallah ba ce. Hular da ke lilo a kai tana juyawa in ƙwallo ya doke ta, ta tura gilashin cikin karan hanci.

Hular iri biyu ce. Akwai ta gargajiya, inda kwano daban, ragar ƙarfen fuska daban. Akwai kuma ta bai ɗaya, wadda aka kwaikwayo daga ta masu tsaron raga a wasan hoki na ƙanƙara. Charlie O'Brien ne ya fara shiga babbar gasar besbol ta ƙwararru, wato MLB, da ita a 1996, yana ƙungiyar Toronto Blue Jays. Ga mai gilashi kowacce da nata. Ta gargajiya ta fi shan iska, amma maɗauranta kan kamo gilashi in yaro ya cire ragar da sauri don bin ƙwallon da ya tashi sama. Ta bai ɗaya ta fi matse gefen kai, sai dai ana gani sosai ta cikinta, har yaro zai iya bin ƙwallon sama bai cire ta ba. Don wannan dalilin ita na zaɓa. Ko wacce kuka ɗauka, ku nemi tambarin NOCSAE a jikinta, wato ƙungiyar Amurka mai tsara ma'aunin ingancin kayan kariyar wasanni, ta rufe kunnuwa, kuma ku sayi kariyar maƙogwaro mai reto, wadda ake ɗaurawa a ƙasan raga. Dokar Little League ta wajabta ta ko da hular ta bai ɗaya ce.

Gwaji shi ne babban aikin, kuma a nan ya kamata ku ɓata lokaci. Yaron ya sa gilashi tukuna, sannan ya buɗe murfin bayan hular ya zura fuska, haɓa ta zauna daram a kan sosonta. Ku leƙa ta gefe: firam bai kamata ya taɓa ƙarfe ko soson goshi ba. Ku sa tafin hannu ku danna ragar zuwa fuskarsa. In gilashin ya motsa ko ya ce hancinsa, a ajiye wannan. Sai ya tsuguna yadda yake yi a fili, ku ja baya ku ɗaga ƙwallo daidai inda hannun mai jifa zai kasance. Abin da ake nema shi ne tsakiyar gilashin ya faɗo cikin tagar ragar, ba sandar ƙarfe ta raba masa ido biyu ba. Ya girgiza kai, ya kalli sama, ya cire ya mayar sau uku. Daga nan ku bar shi da ita kamar minti goma yana yawo cikin kantin, domin matsi ba ya nuna kansa a minti na farko. In ya cire, ku duba gefen kansa da idonku, kada ku tsaya ga "lafiya lau, Baba". Kamfanoni irin su All-Star, Rawlings, Easton da Wilson kowanne da yadda yake yanka sosonsa, don haka lamba ɗaya ba zama ɗaya ba ce. Ku gwada aƙalla uku.

Wani zai ba ku shawarar a yanke soson gefe da reza don hannun gilashi ya samu hanya. Don Allah kada ku yi. Soson nan shi ke shanye dukan, kuma sauya wa hula fasali yana iya soke shaidar ingancinta. In ta matse, a sassauta maɗauran baya, ko a canza gilashi, ko a canza hula.

Saura tururi. A zafin bazara numfashi da gumi kan dusashe gilashi a cikin hula. Ku zaɓi mai wadatattun ƙofofin iska, ku sayi ruwan shafawa mai hana tururi a wurin masu gilashi, ku sa ɗan ƙyalle mai laushi a jakarsa ya riƙa gogewa idan ƙungiyarsu ta koma benci. Duk farkon kakar wasa kuma, ko duk ranar da likita ya canza masa firam, a sake wannan gwajin na tsuguno daga farko, a kuma duba ko kwanon ya tsage ko ragar ta lanƙwashe.