Yadda Za A Auna Barin Aikin Kwamfuta Domin Komawa Aikin Jinya

Duk wanda ya daɗe yana aikin fasahar kwamfuta a Najeriya, sannan zuciyarsa ta karkata ga aikin jinya, ya fara da duba sakamakonsa na sakandare, domin ana buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Idan ɗaya ya ɓace, sai ya koma ya sake zama jarrabawa, komai girman muƙaminsa a ofis.

Daga nan sai lissafin lokaci da aljihu. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne, kuma ba a kama aiki sai an ci jarrabawar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, an karɓi lasisi. A duk tsawon wannan lokaci albashi zai tsaya ko ya ragu, alhali cefane da kuɗin haya ba sa jira, don haka mai iyali ya zauna da mutanen gidansa tun kafin ya ajiye aiki.

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne juriya. Wanda ya saba zama gaban na'ura zai koma tsayuwar awanni, da aikin dare, da wanke miki, da lallashin dangin majinyaci, wani lokaci har da ganin mutuwa. Ya nemi tsohon ma'aikacin jinya ya yi masa tambayoyi, kuma ya gwada horon taimakon gaggawa a ƙungiyar Red Cross.

Idan asibiti yake so amma jini yana razana shi, akwai aikin adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, inda ƙwarewarsa ta yanzu za ta yi amfani.