Yadda za ka tantance labarin haɗakar nukiliya kafin ka tura wa jama'a

Da zarar bazara ta kama a Garwa ta Kamaru, ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, wuta ta koma sai an yi sa'a, sai saƙonni su cika mini waya: wai Turawa sun kunna rana a ɗaki, lantarki ya kusa zama kyauta. Da yake fizik nake koyarwa a sakandare, ni ake jefa wa tambayar. Ga hanyar da nake bi, kai ma za ka iya.

Ka fara sanin abin da ake magana a kai. Tashoshin nukiliyar da ke aiki yau fasa ƙwayar zarra mai nauyi suke yi, irin ta yuraniyum. Haɗaka kuwa ƙwayoyi marasa nauyi take mannewa: nau'i biyu na haidurojin, diyuteriyum da tiritiyum, su zama hiliyum, su saki ƙarfi. Rana ma da haɗakar haidurojin take ci. Amma cikin rana zafin kusan digiri miliyan 15 ne, nauyinta ne ke matse ƙwayoyin. Mu da ba mu da wannan matsi, sai an haura digiri miliyan 100.

Tambayar da ta fi kowace, wadda na fi son ɗalibaina su haddace, ita ce: ƙarfi nawa aka zuba, nawa aka kwasa, kuma daga ina aka fara lissafin? Ranar 5 ga Disamba 2022, a cibiyar binciken haɗaka mai suna NIF ta Kalifoniya a Amurka, hasken leza 192 ya daki ɗan ƙwayar makamashi mai ɗauke da diyuteriyum da tiritiyum da megajul 2.05 (megajul ma'aunin ƙarfi ne), ƙwayar ta mayar da 3.15. Riba ce ta gaske, karon farko a ɗakin gwaji, ba na raina ta. Sai dai kafin lezojin su fitar da wannan 2.05 ɗin, sun sha wajen megajul 300 daga layin wuta. Ka ɗauki biro ka raba: abin da ya fito kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da aka ja. Shi kansa 3.15 ɗin bai kai kilowat-awa ɗaya ba. Ruwa kamar lita goma zai tafasa, abin da mai shayin bakin tasha ke gamawa da shi kafin hantsi. In labari ya ce "an samu fiye da abin da aka zuba" bai gaya maka daga ina ya ƙirga ba, ka ajiye shi tukuna.

Sai ka duba tsawon lokaci, a nan ne ake yawan ruɗa mutane. Na'urar JET ta Ingila ta fitar da megajul 69 a cikin daƙiƙa biyar a 2023, shekarar da aka rufe ta. A Janairun 2025 na'urar EAST ta Sin ta riƙe iska mai tsananin zafi, irin wadda haɗakar ke faruwa a cikinta, daƙiƙa 1,066, a watan Fabrairu WEST ta Faransa ta kai 1,337. Waɗannan biyun na ƙarshe gwajin riƙe zafi ne da maganaɗisu, ba fitar da ƙarfi ba. Kada ka haɗa lambar wannan da ta wancan ka ce an gama.

Ka tambaya kuma: zafi aka samu ko lantarki? Babban aikin duniya shi ne ITER, a Cadarache, kudancin Faransa, wanda Tarayyar Turai, Amurka, Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu da Rasha suka haɗa hannu a kai. Burinsa a zuba megawat 50 a samu 500, kusan ninki bakwai na megawat 72 na Lagdo. Amma zafi ne, ba za a haɗa shi da layin wuta ba ko kaɗan, kuma jadawalin da suka sabunta a 2024 ya kai fara aiki da tiritiyum zuwa 2039.

Akwai kuma abin da masu tallar nan ba sa son a taɓo. Za su ce makamashin a ruwan teku yake, ba ya ƙarewa. Rabin gaskiya ne. Diyuteriyum na nan birjik a ruwa. Tiritiyum kuwa ba a haƙo shi, rabinsa na ɓacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, ɗan abin da ake da shi galibi daga tashoshin nukiliyar Kanada yake fitowa. Dole tashar gaba ta riƙa ƙera nata daga litiyum da aka jera a bangonta, kuma ba a taɓa nuna haka a sikelin tasha ba.

A ganina aikin ya cancanci kuɗin da ake kashewa, ba ya fitar da hayaƙi, kuma in na'urar ta samu matsala mutuwa kawai take yi. Amma in kana tara kuɗin faranti mai amfani da hasken rana da batir don shagonka, ka saya, kada ka jira. Tashoshin hasken rana na Marwa da Guider sun riga sun shiga layi. Labarin haɗakar da zai sa in tura wa kowa da hannuna shi ne wanda ya ambaci sunan tasha, megawat nawa ta ba layin wuta bayan ta cire abin da ta sha, da watanni nawa ta yi tana bayarwa.