Kafin ka sayi lasifikar talabijin a Ingila

Ɗan'uwa, talabijin ɗin yanzu siriri ne, shi ya sa muryarsa ba ta da auki. Maganinta doguwar lasifikar nan da ake shimfiɗawa a gabansa. In ka shiga Argos ko Currys, ce musu soundbar kake so. Filogi irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, amma mutumin Nijar sai ya nemi adafta in ya zo da kayansa.

Haɗawa ba wuya. Leƙa bayan talabijin, cikin ramukan HDMI akwai wanda aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. Nan za ka sa wayar HDMI ta lasifikar, rimot ɗaya ya ishe ka ƙara murya da ragewa.

Abin da ya fi damuna shi ne akwatin nan mai amo, wato subwoofer, da ake haɗawa da wasu lasifikun. Shawarata, in a gidan sama kake ko bangonku ɗaya da maƙwabci, bar shi a shago. Daɓen benen gidaje da yawa na katako ne. Kai kana jin sautin daidai, na ƙasanka kuwa rufin ɗakinsa ne ke rawa. Ba lallai ya buga maka ƙofa ba, sai dai ka ga takarda daga ƙaramar hukuma ko mai gida. Dokar hayaniya ta 1996 ta ɗauki ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin dare, kuma wanda ya ƙi jin gargaɗi ana iya cinsa tara, har a ƙwace kayan sautin.

Ka lura, asuba cikin wannan lokacin take. Mun saba a gida a saki karatun Alƙur'ani bayan salla kowa ya samu albarka, amma nan wanda ke bayan bango wataƙila yanzu ya dawo daga aikin dare, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga Musulmi ba. Sa abin kunne, ko ka danna yanayin dare a rimot, wanda ke danne ƙara ya fito da magana. Ka ƙara muryar masu magana, ka rage amon.

Sai lasisin talabijin. In kana kallon shiri kai tsaye a kowace tasha, ko BBC iPlayer, manhajar BBC ta kallon shirye-shirye ta intanet, dole ka biya, ko da a waya ne. Tarar rashinsa tana kaiwa fam 1,000.