Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Sega da Gem Mai Kaset Bayan Sun Daɗe a Kwali

Da Babbar Sallar bara na je gida, Hajiya ta ce in sauko mata da tarkacen da ke saman wadirob. A cikin wani kwali da ɓera ya ci gefensa na tarar da Sega ɗinmu, da gem ɗin nan mai madannai da aka sayar wa Baba da sunan kwamfutar karatu. Zumuɗi ya ɗebe ni. Na zare adaftar dikoda, na ga bakinta ya shiga ramin mai madannan daidai, na jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙauri ya cika ɗakin. Abin da ya tsira daga hannun yara shida, ni da gemuna na kashe shi. Segar kuwa na bi ta a hankali, yanzu haka tana aiki. Ga yadda na yi.

Da farko ka san abin da ke hannunka. Kamfanin Nintendo ya fitar da injin gem mai suna Famicom a Japan a 1983, amma galibin waɗanda muka buga a nan ba nasa ba ne, kwaikwayo ne daga Sin da Taiwan. Su ne masu kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni dubu ɗari tara da ɗoriya, ka kunna ka ga Mario da Contra da tankokin yaƙi da harbin agwagwa ne ake ta jujjuyawa. Mai madannai ma ɗan gidansu ne, sai dai an ƙara masa darasin buga rubutu da yaren BASIC, wanda a gidanmu bai samu ko mako guda ba kafin Mario ya kore shi. Ita Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988, ta shiga Turai a 1990, ƙaramar mai lamba 2 kuma ta biyo baya a 1993. In ka ga an rubuta Genesis, ta Amurka ce. Juya injin ka karanta takardar da ke manne a ƙasansa, don duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara.

Mataki na biyu shi ne wuta, kuma a nan ake asara. Abu uku za ka duba a jikin adafta. Na ɗaya, wutar da take karɓa daga bango. Tamu volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Adaftar Genesis ta asali in ka soka ta a soket ɗinmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ta tafi ke nan. Na biyu, wutar da take fitarwa: waɗannan injuna volt 9 zuwa 10 suke so, kuma DC. Adaftar NES, wato Famicom ɗin Amurka, AC take bayarwa, kada ta kusanci Sega ko 'yan kwaikwayon Famicom. Wasu daga cikin 'yan kwaikwayon na baya-bayan nan ma 5 ko 6 kawai suke ɗauka, shi ya sa na ce a karanta takarda.

Na uku shi ne wanda ya ci ni. Akwai ɗan zane a jikin adafta, ɗigo a tsakiyar da'ira, da alamar tarawa a gefe ɗaya, ta ɗebewa a ɗaya gefen. Yana nuna wace waya ce ke tsakiyar bakin. Sega ta farko da Famicom da yawancin 'yan kwaikwayonta, ɗebewa suke so a tsakiya. Mega Drive 2 kuma tarawa ce a tsakiyarta, bakinta ma ya fi siriri. Adaftocin dikoda da na'urar intanet da suka cika gidajenmu kusan dukkansu tarawa ce a tsakiya, ga 12 suke fitarwa, ga shi bakinsu yana shiga ramin kamar don shi aka yi. Shigar baki ba hujja ba ce. In adaftar asali ta ɓata, kai injin wurin mai gyaran rediyo ya gwada wata da mita a gabanka, in ta kama ya juya wayoyin. Amfiya kuwa, wadda ta kai 1 ko ta ɗan wuce ta wadatar, yawanta ba ya cutarwa.

Har yanzu kada ka kunna. Kwance sukurorin ƙasa ka ɗaga murfin a hankali, don a Sega ta farko wayar jar fitilar nan a murfin take maƙale. Abin da za ka gani a ciki ƙurar hunturu ce ta shekaru, da kashin kyankyaso, wani lokacin har da kwabon da wani ƙani ya cusa. Share da busasshen burushin haƙori. Sannan ka duba kafasito, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan fanel. Wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da ruwa a gindinsa, a canza shi, kuɗinsa kaɗan ne.

Sai kaset. Duk mun hura masa iska da baki, wasu har da lasa, kuma mun rantse yana aiki. Cirewa da mayarwar ce take gyara zaman haƙoran, danshin bakin kuwa shi ya bar musu tsatsar nan kore-kore da kake gani yau. Nemi sifirit a kemis, mai isopropyl in akwai, ka tsoma audugar goge kunne ka matse, ka goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina fitowa baƙa. Wanda ya ƙi, a buɗe shi a bi haƙoran da kilinar fensir. Kaset ɗin Sega na asali yana da sukuro mai kan tauraro da sukundireban gida ba ya kamawa. Na 'yan kwaikwayo kuwa maƙale yake kawai, a ɓamɓare shi da lallami don robar ta tsufa. Ramin da kaset ke shiga shi ma a goge: naɗe tsohon katin waya da farin ƙyalle mara zare, ɗiga sifirit, ka soka ka zare sau da yawa. Ba shi minti goma ya bushe.

Yanzu talabijin. A da ta ramin eriya muke haɗawa, mu yi ta murɗa tasha har hoto ya fito cikin yayyafi. Hanyar tana nan, Segar Ingila a tasha ta 36 take fitowa in ka sa talabijin ya nemi tashoshin analog, amma hotonta bai da kyau. Wayar AV ta fi: ruwan ɗorawa hoto, fari da ja sauti. Lura da cewa ramin bayan Sega ta farko babba ne mai ƙofofi 8, na Mega Drive 2 ƙarami mai 9, wayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. In filasmarka ba ta da ramin AV, akwai ɗan akwatin da ke mayar da AV zuwa HDMI, ana samunsa wurin masu kayan lantarki. Yana aiki, sai dai masu arha suna jinkirta hoto kaɗan, ka danna tsalle Sonic ya riga ya faɗa kan ƙaya. Shiga saitin hoto ka zaɓi yanayin wasa, ka kuma mayar da faɗin allo 4:3, in ba haka ba kowa zai fito a baje kamar an taka shi.

To, sa kaset, sannan ka kunna. Kada ka taɓa sa shi ko cire shi injin yana kunne. In fitila ba ta kama ba, motsa bakin adaftar a hankali. A Mega Drive 2 dalmar da ke riƙe da ramin wuta tana yawan tsagewa, aikin minti biyar ne ga mai gyara. In ba nan ba ne, a gwada 7805, ɗan abu mai ƙafa uku da ke sauke wuta zuwa 5. Fitila ta kama allo baƙi, koma kan kaset, sau da yawa sai an yi gogewa ta biyu da ta uku. Hoto ya fito fari da baƙi ko yana gudu sama, injin NTSC ne na Amurka ko Japan ya haɗu da talabijin da ke kan PAL, tsarin da muke amfani da shi a nan, canza tsarin launi a saiti. Inda ba ni da magani shi ne baƙin ɗigon nan kamar kwalta a tsakiyar fanel ɗin 'yan kwaikwayo. Injin gaba ɗaya a ƙarƙashinsa yake, in ya ƙone ba mai canza shi. Nawa mai madannan a nan ya tsaya.

Hannu, wato abin da ake riƙewa ana danna wasa, ba shi da wuya. Buɗe, wanke robobin da ruwan sabulu, goge baƙaƙen ɗigon da ke ƙarƙashin maɓallai da sifirit, bari su bushe sarai. In wani ɓangare ya ƙi tafiya, yawanci waya ce ta karye a daidai inda ta shiga hannun, wurin da muke nannaɗewa. Kuma ko da ramin mai ƙofofi 9 ya yi kama, hannun 'yan kwaikwayo ba ya aiki a Sega, haɗin cikinsu daban ne.

Saura bindigar harbin agwagwa. Kada ka wahalar da kanka, a filasma ba za ta taɓa aiki ba. Idan ka ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, farin murabba'i ya fito a inda agwagwar take, idon da ke cikin bindigar ya gani. Filasma tana makara wajen nuna wannan, sai bindigar ta duba ba ta ga komai ba. Dole sai talabijin mai ƙeya. Ni a shagon mai gyaran unguwarmu na samu wani inci 14 da mai shi ya yi shekaru bai dawo ɗauka ba, na haɗa da wani tsohon gem mai kaset da na saya. Ranar da na kunna, ɗan yayana ya manna bakin bindigar a jikin gilashin yana harbi, yadda ubansa yake yi mu ce ya yi maguɗi.